Malam Haliru Bai Ƙara Tambayar "Kun Gane?" Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Haliru makwancinsa a Bodinga. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa addu'a tsakanina da Ubangijina, ban taɓa kawo sunansa jarida ba, domin ko yana raye ba ya son a yi ta ambatonsa. Bana na kasa yin shiru. Watan da ya wuce na je ta'aziyya wani ƙauye a ƙasar Shagari, gidan wani manomi mai suna Altine, wanda ya binne 'ya'yansa biyu rana ɗaya. Yaran sun kwana ɗaki ɗaya da buhunan wake da aka jefa wa ƙwayar maganin ƙwari, ƙwayar nan da ke sakin iska mai guba a hankali. Sanyi ya fara shigowa, uwarsu ta rufe ƙofa da taga. Da gari ya waye aka kwashe su zuwa asibiti, ba su kai azahar ba. Uwar da ƙyar ta tsira.

Yanzu haka da nake rubutun nan akwai irin waɗannan buhuna jingine a ɗakunan kwana daga Dingyadi har Danchadi. Akwai kuma mace guda, Luba, 'yar Malam Haliru, ma'aikaciyar lafiya a can Shagari, da ke ƙoƙarin ta isa gidajen mutane kafin a gama ajiyar wake. Abin da take yi aikin ubanta ne, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi ko shi wane ne.

Tare muka yi firamare da Haliru. Ni ƙafata ba ta zauna wuri ɗaya ba. Aikin tafinta ya kai ni Yamai da Khartum da Jidda, daga baya Ingila, da Faransanci da Larabci da Turanci na ciyar da iyalina. Shi ya zauna gida. Ya koyar a firamare, ya koma yaƙi da jahilci, kuma da yake Hausarsa mai kyau ce sai ofisoshi suka riƙa kawo masa takardun wayar da kai ya mayar musu da Hausa: na taki, na allurar rigakafi, na feshin albasa, na ruwan gishiri da sukari. Ana yaba masa ƙwarai. Ya gaya mini cewa a shekarun farko shi ma ya yarda da yabon, har ranar da ya bi ta wani ƙauye inda shi da bakinsa ya karanta musu takardar feshi, ya tambaye su ko sun gane, suka amsa masa baki ɗaya. Ya same su a fadama suna yin akasin abin da takardar ta ce.

Bai yi fushi da su ba. Ya ce mini, "Alhaji, in ka je duba mara lafiya ka ce yaya jiki, mi yake ce maka?" Na ce, da sauƙi. Ya ce, "Ko da yana gargara. To, 'mun gane' ma haka take. Amsar gaisuwa ta." Mutanenmu ba sa duban malami ko ma'aikacin gwamnati su ce masa maganarsa ba ta shiga ba. A wurinsu wannan kunyata baƙo ne, mutum ya taso tun daga Sakkwato ya sha rana dominka, ka ce masa bai iya bayani ba. Daga ranar Haliru ya daina wannan tambaya, har ya koma ga Allah ban sake jin ta a bakinsa ba.

Ga yadda ya koma auna rubutunsa. Ba shi ke karantawa ba. Yakan nemi wani ɗan ƙauyen da ya yi ajin yaƙi da jahilci, ya miƙa masa takardar, ya karanta sau ɗaya da irin tafiyar karatunsa, domin haka za a yi idan Malam ya tafi. Shi kuma ya koma gefe, duk inda mai karatu ya yi tuntuɓe ya ɗiga masa alama da fensir. Idan an gama sai ya fito da kayan aikin, a nuna masa da hannu. In takardar feshi ce, ga gwangwani ga bokitin ruwa. In ta ajiyar wake ce, ga buhu, ga tsakuwoyi a matsayin ƙwaya, ya zana gida a ƙasa da kara: nan ɗakin kwana, nan rumbu, nan wurin girki. Mutum goma yake gwadawa, ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya kwaikwayi wani. In fiye da ɗaya ya kuskure, takardar ta faɗi, ya koma gida ya sake ta.

Na taɓa raka shi Danchadi a wani hutu da na zo. Cikin waɗanda aka kira akwai wata tsohuwa mai baki, Inna Kulu. Ta tsaya nesa da buhun ta ce, "Malam, ni ban yi boko ba, kada ka tozarta ni gaban surukaina."

Ya ce, "Inna, ba ke ake gwadawa ba, takarda ta. In kin kuskure ita za mu yi wa bulala."

"To, miƙo ta nan. Na daɗe ban samu wanda zan doka ba."

Aka karanta. Ta ɗauki tsakuwa ta ƙulle a tsumma ta tura cikin buhu, daidai yadda aka ce. Sannan ta ja buhun ta dire shi tsakiyar ɗakin kwanan da aka zana. Haliru ya ce, "Inna, ai takardar ta hana wanga."

"A ina?"

"Can ƙarshe."

"Ƙarshe? Yaro, ni tun wajen godiyar nan da anka yi ta jerowa hankalina ya koma ga tukunyata. Kai in za ka gaya mini abin da zai kashe ni sai ka bari na gaji?"

Mata suka yi ta dariya. Shi bai yi ba.

A lokacin ina ji da wani ilimi da na kwaso daga Ingila. A can na ga ofisoshi na auna sauƙin rubutu da lissafi. Ana ƙirga kalmomin da ke cikin kowace jimla, a ƙirga gaɓoɓin kalmomi, a haɗa a raba, sai lamba ta fito da ke nuna ɗan aji nawa zai iya karanta rubutun. Na kawo wa Haliru wannan kamar tsaraba. Bai raina ba. Ya yi watanni yana aiki da shi, ya kuma ce ya amfane shi, domin ya tilasta masa yanke dogayen jimlolin nan da mai karatu ke ƙare numfashi kafin ya kai aya. Amma bayan tafiyar Danchadi ya zaunar da ni a zaurensa, ya yayyanka takardar wake layi-layi da almakashi. Ya sa gargaɗin a ƙasa ya ce in yi lissafina. Na yi. Ya mayar da shi sama ya ce in sake. Lamba ɗaya ta fito. Ya ce, "Ka gani? Lissafinka bai motsa ba. Gobe mu koma mu ga ko Inna Kulu za ta motsa." Muka koma da sabuwar takarda, aka gwada wasu matan da ba su ji ta farko ba. Babu wadda ta kai buhu ɗakin kwana.

Na ga ƙasashe da dama suna kokawa da wannan matsala, kowa da dabararsa. A Khartum mai sayar da magani ba ya dogara da takardar da ke cikin kwali, don Larabcinta ba shi ne na bakin titi ba, sai ya ja layuka da biro a bayan kwalin, na safe, na rana, na dare. A Yamai na ga sanarwar Faransanci da akawun da ya buga ta ma sai ya karanta sau biyu. A Ingila kuwa abin da ya fi lissafinsu amfani shi ne tsohuwa za ta dubi likita ido da ido ta ce ban fahimta ba, sake faɗi. Wannan ne ba mu da shi, kuma ba zan ce laifi ne ba, da wannan kunyar aka rene ni. Haliru ne kaɗai na gani ya ƙirƙiri ma'aunin da ya san da zamanta.

Sabuwar takardarsa ta jawo masa magana. Ga yadda ta fara, har yau ban manta ba: "Wannan ƙwaya tana kashe mutum. Kada kowa ya kwana a ɗakin da buhun yake. Ko an buɗe taga, kada a kwana." Babu sallama, babu sunan ofis, babu godiya ga shugabanni. Jami'in da ya ba shi aikin ya dawo masa da ita ya ce wannan ba takarda ba ce, tsawa ce. Wani dattijo da muke girmamawa ya tare shi bayan sallar la'asar ya ce, "Haliru, an ce ka rubuta wa jama'a magana ba ko sallama, kamar mai shelar gobara." Haliru ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, ai gobarar ta." Ni ma a raina na ji nauyin abin, domin a wurinmu ba a buɗe baki da mugun labari, sai an gaisa an tambayi iyali da gajiya. Daga ƙarshe aka daidaita: mai karantawa ya yi sallama da bakinsa yadda ya ga dama, sunan ofis ya koma ƙasa da ƙananan baƙaƙe, takarda kuma ta fara da mutuwa. Haka aka buga ta. Na gan ta liƙe a shagunan masu sayar da maganin gona shekaru da yawa, har ta yi baƙi da hayaƙi. Ba zan ce babu wanda ya rasu a shekarun nan ba, ba ni da labarin kowane ƙauye. Abin da na sani shi ne mata sun haddace layin farko.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi. Ranar da na je duba shi a asibiti ya ciro takardar da ke cikin kwalin maganinsa, mai rubutu kamar ƙafar tururuwa, ya miƙo mini ya ce, "Tafinta, yi aikinka." Na karanta na kasa gaya masa ko kafin abinci ake sha ko bayan abinci. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bayan rasuwarsa takardunsa suka ƙare a shaguna, ba a sake bugawa ba. Jami'an da suka san shi suka yi ritaya. Babu wanda ya soke hanyarsa, babu dai wanda aka ɗora wa ita.

A cikin shekarun nan abubuwa biyu suka sauya. Na farko, rumbu ya daina zama wurin ajiya mai aminci. Sata ta yi yawa, tsoro ya yi yawa, wake kuma ya yi tsada, sai mutane suka koma jingine buhuna a inda idonsu yake, ɗakin uwargida, bayan gado. Abin da Inna Kulu ta yi a zanen ƙasa yanzu shi kowa ke yi a gidansa. Na biyu, sanarwa ta koma waya. Da Haliru zai dawo ya ga waya a aljihun kowane manomi, na tabbata saƙon murya zai burge shi, don zai kai magana kunnen wanda bai taɓa shiga aji ba. Amma da ya ga rubutun da ake turawa, ban san abin da zai ce ba. A zamaninsa buga takarda na da wahala, mutum kan yi tunani kafin ya kai maɗaba'a. Yanzu a rubuta da Turanci a ofis, a ba na'ura ko wani mai sauri ya juya ta Hausa, a tura wa ƙauye ɗari kafin shayi ya huce. An ce har akwai manhajar da ke gaya wa marubuci ko rubutunsa mai sauƙi ne. Ban ji an ce akwai wadda ke ɗaukar buhu ta je Danchadi ba.

Luba ce ta nuna mini saƙon da aka karanta a ƙauyen su Altine kafin kaka. Wani ma'aikaci ya tara maza a ƙofar mai gari ya karanta musu daga wayarsa. Ba zan zarge shi ba, abin da aka turo masa ya karanta. Saƙon ya fara da gaisuwa, ya yi godiya, ya bayyana muhimmancin wake ga tattalin arziki, ya jera kalmomin da ban taɓa ji a kasuwar Shagari ba. Gargaɗin yana nan, layi na biyun ƙarshe.

Da na isa gidan ta'aziyya na tarar da Altine zaune kan tabarma a ƙofar gida, maza kewaye da shi. Muka yi addu'a. Da na yunƙura zan tashi sai ya ce, "Alhaji, an ce kai ka san karatu iri-iri. Wai gaskiya na maganar ɗakin kwana tana cikin abin da anka karanta muna?"

Na so in kauce. Ya ce, "Don Allah karanta mini ita har ƙarshe."

Luba, da ke cikin gida wurin mata, ta aiko da wayarta. Na karanta tun daga gaisuwa. Ina karantawa ina ganin idanun mutane na zamewa, wani ya duba hanya, wani ya gyara hula, a gidan makoki, a kan maganar da ta kashe yara biyu. Da na kai layin sai Altine ya ce, "Sake." Na sake.

Ya ce, "Ashe tana ciki." Ya ƙara da cewa, "Ina wurin ranar. Da mutumin ya ce kun gane, ni na fara amsawa."

Wani tsoho ya ce, "Ƙaddara ta, Altine, ka yi haƙuri."

"Na san ƙaddara ta, Baba. Amma na amsa."

Luba ba ta da kwafin takardar ubanta, ni ma ba ni da shi. Daga ka ta sake rubuta ta, ni na cika mata inda ta manta. Ranar awon jarirai ta ɗauki buhu da tsakuwa ta gwada ta kan mata, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ta ga yana yi tana yarinya. Duk sun fitar da buhu daga ɗakin kwana, amma sai suka tsaya riƙe da shi, wata ta ce, "To, malama, ina za mu kai shi? Waje ɓarayi." Wannan tambaya babu ita a zamanin Haliru. Luba ta ƙara layi biyu: a ware ɗaki guda mai kwaɗo wanda ba ya manne da na kwana, ko maƙwabta su haɗa buhunansu a ɗaki ɗaya da ba kowa a ciki, mai hali kuma ya nemi buhun nan da iska ba ta shiga, wanda ba ya buƙatar ƙwaya. Ta sake gwadawa, ta ci.

Ta kai wa shugabanta. Ya karanta ya ce ta yi kyau, amma maganar hatsi ba ta ɓangaren lafiya ba ce, ta masu aikin gona ce, sai an tura musu sun sa hannu. Ya kuma ja mata kunne kada a ga takarda marar hatimi na yawo da sunanta. Ta kira ni ta ce, "Baba, kafin hannun nan ya sauka an gama ɗinke buhuna." Na ce, to mi za ki yi? Ta ce, "Takarda anka hana. Ba a hana ni bakina ba." Tun daga ranar, in ta tashi aiki sai ta hau kabu-kabu da buhunta a naɗe, ta shiga ƙauye guda kafin magariba. Mata na saurarenta. Maza kuwa, masu buhunan, sukan ce madalla, Allah ya saka, su ci gaba da hirarsu. Da Altine ya ji haka sai ya ce zai riƙa bin ta. Ba ya wa'azi. Yakan tsaya a ƙofar gida ya yi sallama ya ce, "Ni na Altine," ya faɗi sunan ƙauyensu. Labarin ya riga shi zuwa ko'ina. Maza sukan tashi su shiga su duba ɗakunansu.

Idan na auna abin da ya rage na Haliru, kaɗan ne. Babu makaranta mai sunansa, babu ofishin da ya ɗauki hanyarsa ya mayar da ita doka, takardunsa ƙasa ta cinye. Abin da ya rage shi ne 'ya guda da ba ta yarda da kowane rubutu ba sai ta ga hannun mutum ya aikata shi, ga kuma ƙauyukan da suka fi ƙarfin yammacinta. Akwai kuma iyakar da shi kansa bai kai ya gani ba. Shekaranjiya Luba ta ba ni labarin wani magidanci a wani ƙauye kusa da Dingyadi. Ya saurara, aka ba shi buhu da tsakuwa, ya yi komai daidai, bai kuskure ko ɗaya ba. Sannan ya ce musu ba shi da ɗaki na biyu mai ƙofar kirki, bara an fasa masa rumbu an bar shi da sayen hatsi har damina, kuma bai yarda ya kai wakensa gidan kowa ba. Altine ya tsaya yana dubansa. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya shiga ya kwaso tabarmin yaransa da ta uwarsu ya kai ɗakin kakarsu. Tasa shimfiɗar ya bar ta inda take, kusa da buhunan. Luba ta ce masa, "Baba, kai ma tana kashewa." Ya ce, "Na ji, ɗiyata. Wannan karon na ji."

Allah ya jiƙan Malam Haliru, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan yaran Altine. Wannan bawan Allah na kusa da Dingyadi kuma, Allah ya nuna masa safiya.